Wasiƙar jakadan Birtaniya da ta fito da mutane daga sansanonin Napoli

Da safiyar 26 ga Yuni 1799, Sir William Hamilton, wakilin Sarkin Ingila a fadar Napoli, ya rubuta wata gajeriyar wasiƙa da Faransanci daga cikin jirgin yaƙin Foudroyant, wanda ke tsaye a ruwan da ke gaban birnin. Kadinal Fabrizio Ruffo, babban limamin cocin Katolika mai jagorantar rundunar Sarkin Napoli, ya rubuta wa. Saƙon shi ne Admiral Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya, ya ce a tabbatar wa Kadinal ba zai yi komai da zai karya tsagaita wutar da aka yi da 'yan jamhuriya, masu yi wa Sarkin Napoli tawaye, da ke cikin sansanonin birnin ba. Kafin rana ta faɗi mutanen nan sun fito, sun shiga jiragen da suka ɗauka Faransa za su kai su. Bayan kwana biyu aka janyo jiragen zuwa inda bakin igwa ke kallonsu, aka shiga zaƙulo shugabanni. Da yawansu suna cikin mutum kimanin 100 da aka rataye ko aka fille wa kai a watannin da suka biyo baya.

Fiye da shekara 200 ke nan masana tarihi na jayayya a kan wannan mako, kuma kusan kullum Nelson ake sa wa ido. Ni jakadan ne ya fi damuna. Nelson sojan ruwa ne, ba ya jin Italiyanci, kuma bai cika shekara yana hulɗa ta kusa da fadar ba. Hamilton kuwa shekararsa ta 35 ke nan a ƙasar. Ya san Sarkin Napoli tun sarkin yana yaro, ya san Kadinal, ya san da yawa daga cikin mutanen da ke cikin sansanonin, wasu ma sun sha cin abinci a gidansa. A duk faɗin jirgin shi kaɗai ne aikinsa ya tambayi abin da wannan mataki zai yi wa sunan Birtaniya, kuma bai tambaya ba.

Kujerar da ba ta da aiki

Napoli, wadda yau aka fi saninta a wurinmu da ƙungiyar ƙwallo, a wancan zamani ita ce birni na uku a girma a Turai bayan Landan da Paris. Tun 1734 kudancin Italiya da tsibirin Sisili suke ƙarƙashin wani reshe na gidan sarautar Bourbon. A 1759 Sarki Charles ya tafi ya hau gadon Sifen, ya bar wa ɗansa Ferdinand, mai shekara 8, sarautar, majalisar riƙo ƙarƙashin Bernardo Tanucci na tafiyar da mulki. A harkar waje duk inda Sifen ta sa ƙafa nan Napoli ke sawa, don haka wakilin Birtaniya ba shi da wata babbar siyasa da zai yi. Aikinsa kula da 'yan kasuwar ƙasarsa ne, da karɓar 'ya'yan manya da ke zuwa yawon buɗe ido, da aika rahoto Landan wanda ke ɗaukar makonni a hanya.

A kan wannan kujera Hamilton ya zauna a ƙarshen 1764, shekarar da yunwa ta yi wa masarautar mummunar ɓarna. Jikan gidan sarautar Hamilton ne na Sikotland, tsohon soja, ɗan majalisa, kuma tare suka taso da Sarki George III. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ya nemi aikin shi ne rashin lafiyar matarsa Catherine, wadda sanyin Ingila ke wahalarwa. Da ya samu lokaci a hannunsa bai ɓata shi ba. Ya yi ta hawan dutsen Vesuvius mai aman wuta, ya rubuta abin da ya gani da idonsa a aman 1767 da 1779 da 1794, kuma ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta ba shi babbar lambarta a 1770. Ya tara tsofaffin tuluna da tukwanen Girkawa da ake haƙowa daga kaburbura, ya sayar wa gidan tarihin British Museum kashi na farko a 1772 a kan fam sama da 8,000. A fagen ilimi mutum ne na gaske, wannan ba abin musu ba ne.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne farauta. Ferdinand ya girma ba ya son takarda, ba ya son zaman majalisa, abin da ya sani harbin aladun daji da kamun kifi. Hamilton ya iya harbi, don haka ya zama abokin fitarsa, su kwana su yini a daji. Babu wani jakada a Napoli da ya samu kusanci irin wannan. Landan ta ɗauke shi riba, ta kuma ƙyale shi a wurin shekara bayan shekara, tunda ba a jin ƙorafi.

Sarauniya, Acton da Emma

Mulki na gaske yana hannun Sarauniya Maria Carolina, 'yar Maria Theresa ta Ostiriya, yayar Marie Antoinette ta Faransa. An kawo ta a 1768, ta samu kujera a majalisar sarki bayan ta haifi ɗa namiji a 1775, shekara ɗaya bayan nan ta ga bayan Tanucci. Wanda ya zama hannun damanta shi ne John Acton, ɗan asalin Ingila haifaffen Faransa, wanda aka ɗauko don ya gyara rundunar ruwa har ya zama babban minista. Wato jakadan Birtaniya yana tattaunawa ne da minista mai jinin Ingila, a fadar da ke neman zare jikinta daga Sifen.

Catherine ta rasu a 1782. A 1786 ɗan 'yar'uwar Hamilton, Charles Greville, ya turo masa wata yarinya mai suna Emma Hart, kuma a 1791 ya aure ta a Landan, yana da shekara 60, ita tana da 26. Ba don tsegumi na kawo wannan ba. Emma ta koyi Italiyanci da Faransanci, ta shiga ran Sarauniya, kuma bayan an fille wa Marie Antoinette kai a Oktoba 1793 ta zama hanyar da Sarauniya ke bi ta isar da abin da take so ga Birtaniya. Ta wannan hanya wasiƙun sirri daga Sifen, masu nuna tana shirin sauya ɓangare a 1795 da 1796, suka isa hannun Hamilton, ya tura su Landan. Riba ce babba. Sai dai hanyar da ke fitar da sirri daga fada ita ce ke shigo da tsoron fada da fushinta cikin gidan jakada, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mafi kyawun aikin diflomasiyyar Hamilton shi ne yarjejeniyar 12 ga Yuli 1793, wadda ta shigar da Napoli yaƙi da Faransa a gefen Birtaniya, ta yi alkawarin soja 6,000 da jiragen yaƙi, ita kuma Birtaniya ta ajiye runduna a Bahar Rum. A Satumba na shekarar wani kyaftin mai suna Horatio Nelson ya zo neman sojan da za a kai Tulon, tashar jiragen ruwa a kudancin Faransa, ya sauka a gidan Hamilton na 'yan kwanaki. A 1796 Napoli ta sulhunta da Faransa, amma zuciyar fadar ba ta sauya ba.

Kuskuren 1798

Ranar 1 ga Agusta 1798 Nelson ya tarwatsa jiragen Faransa a Abukir, gaɓar Masar. Ranar 22 ga Satumba ya iso Napoli da rauni a goshi, aka yi masa tarba irin ta mai ceto, aka kai shi Palazzo Sessa, gidan jakada, Emma na jinyarsa. A cikin wannan zumuɗi aka yanke shawarar kai wa sojan Faransa hari a Rum, inda suka kori Paparoma suka kafa jamhuriya. Nelson ya matsa, Sarauniya ta matsa, Hamilton ya mara musu baya. Alhali ƙawancen Napoli da Ostiriya na kare kai ne, kuma Ostiriya ba ta yi alkawarin taimako ba idan Napoli ce ta fara kai hari. Jakadan da ya yi shekara 34 yana kallon faretin sojan Napoli ya fi kowa sanin ƙarfinsu.

Soja kimanin 40,000 suka fita ƙarƙashin Janar Mack, Ba'ostiriye. Ferdinand ya shiga Rum a ƙarshen Nuwamba, kafin tsakiyar Disamba Janar Championnet na Faransa ya fatattake su da rundunar da ba ta kai tasu ba. Daren 21 ga Disamba iyalan sarki da su Hamilton suka shiga jirgin Nelson, Vanguard, a ɓoye. Guguwa ta same su a hanya, ƙaramin ɗan sarki, Alberto, mai shekara 6, ya rasu a hannun Emma, suka isa Palermo, babban birnin Sisili, ranar 26. A cikin watan ne kuma jirgin Colossus, ɗauke da wani ɓangare na tulunan da Hamilton ya tara karo na biyu, ya nutse a tsibiran Scilly kusa da Ingila.

Ya kamata a riƙe wannan hoton: tsoho mai shekara 68, ba lafiya, ya bar gidansa, ya yi asarar dukiyarsa, bashi ya yi masa yawa, yana zaune gida ɗaya da Admiral ɗin da ke son matarsa, yana sauraron Sarauniyar da aka kashe wa ƙanwa. Shi ne Birtaniya ta dogara da shi ya ba ta ra'ayi mai sanyi.

A Janairu 1799 sojan Faransa suka shiga Napoli bayan talakawan birnin sun yi musu turjiya mai tsanani, aka kafa jamhuriya. Waɗanda suka riƙe ta lauyoyi ne da likitoci da malaman jami'a da 'ya'yan manyan gidaje, har da wasu limaman coci. Talaka bai karɓe ta ba. Kadinal Ruffo ya sauka a Kalabriya, can kudancin ƙasar, a Fabrairu da mutane 'yan ƙalilan, ya tara rundunar manoma da 'yan fashi da sunan kare addini da sarki. A Mayu yawancin sojan Faransa suka janye arewa, ranar 13 ga Yuni Ruffo ya iso ƙofar birnin. 'Yan jamhuriya suka shige sansanoni biyu na bakin teku, Castel Nuovo da Castel dell'Ovo, ragowar Faransawa kuma suna Sant'Elmo a kan tudu.

Kwana biyar

Ruffo yana da dalilan yin sulhu. Mutanensa suna kashe-kashe da wasoso a tituna ya kasa tsawatar musu, akwai waɗanda aka yi garkuwa da su a cikin sansanonin, kuma ana tsoron jiragen Faransa da suka shigo Bahar Rum za su iya bayyana kowace rana. Sai ya amince da yarjejeniyar miƙa wuya: mutanen za su fito da mutuncinsu na soja, wanda ya so a kai shi Tulon, wanda ya so ya zauna gida ba mai taɓa shi. Ruffo ya sa hannu, kwamandan Rasha da na Turkiyya suka sa, haka Kyaftin Edward Foote na jirgin Seahorse, wanda shi ne babban hafsan Birtaniya a wurin. Tun daga nan sunan Birtaniya ya hau takardar.

Ranar 24 ga Yuni Nelson ya iso da rundunarsa, Hamilton da Emma na tare da shi. Tun kafin ya tsaya ya ba da alamar bai yarda ba. Hujjarsa ita ce sarki ba ya yarjejeniya da talakawansa masu tawaye, kuma Ruffo ya wuce iyakar ikon da aka ba shi. Wannan hujja ba ta banza ba ce, domin an riga an rubuto wa Ruffo daga Palermo kada ya yi ciniki da 'yan tawaye. Washegari Kadinal ya hau jirgin, aka yi sa'o'i ana musu, Hamilton na tafinta har ya gaji Emma ta karɓa. Ruffo ya tsaya a kan cewa abin da aka sa wa hannu an sa. Ya ƙi isar wa sansanonin da sanarwar Nelson mai cewa su miƙa kai ga rahamar sarki ba sharaɗi, ya kuma nuna idan aka matsa zai mayar da sojansa inda suke kafin sulhu, Nelson ya ci sansanonin da kansa. Wakilan Rasha da Turkiyya suna bayansa.

Sai ga wasiƙar safiyar 26. Kyaftin Troubridge da Kyaftin Ball suka je wurin Kadinal, suka ƙara masa tabbaci cewa ba za a hana mutanen shiga jirage ba. Ruffo ya fahimci an sauko, har ya sa aka yi addu'ar godiya a coci. Mutanen suka fito.

Masu kare Nelson suna cewa wasiƙar tsagaita wuta ta ambata, ba yarjejeniyar miƙa wuya ba, kuma ya riga ya rubuta cewa ba za a aiwatar da yarjejeniyar ba sai sarki ya amince. Ana kuma jayayya a kan abin da aka faɗa wa mutanen sansanin kafin su fito. Ko da na karɓi wannan duka, bai wanke Hamilton ba. Shi ne ya zaɓi kalmomin, kuma bayan shekara 35 a wannan aiki ya san yadda Kadinal zai karanta su. Idan ya san alkawarin rabi ne, haƙƙinsa ne ya faɗa ƙarara. Idan kuma ya ɗauka cikakke ne, haƙƙinsa ne ya tsaya a kansa ranar 28.

A ranar 28 ɗin wasiƙu suka iso daga Palermo. Sarki ya yi watsi da sulhun. Sarauniya ta rubuto wa Emma cewa a gaya wa Nelson ya yi wa Napoli abin da zai yi wa garin da ya yi tawaye a Ayalan, inda Birtaniya ta murƙushe bore da jini shekara ɗaya kafin nan. Nan take aka tsare jiragen. Hamilton ya rubuta wa Acton yana bayyana matakin a matsayin bin umarnin sarki. Sarkin da yake nufi na Napoli ne. Babu wani umarni daga Landan a kan wannan, ba kuma zai yiwu a samu ba, saboda nisan hanya. Akwai mafita a buɗe: a mayar da mutanen sansanoninsu da makamansu, ko a riƙe su a hannun Birtaniya har a ji daga gwamnati. Ba a bi ko ɗaya ba.

Ranar 29 aka kawo Admiral Francesco Caracciolo a ɗaure. Ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Birtaniya a 1795, ya raka sarki Palermo, daga baya ya koma ya shugabanci jiragen jamhuriya. Shi ya bar sansani kafin a kammala sulhu, an kama shi a ɓoye a ƙauye. Hafsoshin Napoli suka yi masa shari'a a cikin jirgin Birtaniya da safe, ƙarfe 5 na yamma aka rataye shi a jirgin Minerva, aka jefa gawarsa cikin teku. An roƙi a jinkirta kwana ɗaya, Nelson ya ƙi.

Ferdinand ya iso ranar 10 ga Yuli, ya yi makonni yana mulki daga cikin Foudroyant bai taka ƙasa ba. Ranar 20 ga Agusta aka rataye Eleonora Fonseca Pimentel, editar jaridar jamhuriya. Ranar 29 ga Oktoba aka rataye masanin shari'a Mario Pagano tare da Domenico Cirillo, likita kuma masanin tsirrai, wanda ya taɓa duba lafiyar mutanen gidan Hamilton. Cirillo ya rubuta wa Emma daga inda ake tsare da shi yana roƙon a sa baki, bai tsira ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne rahoton da Hamilton ya aika wa Lord Grenville, ministan harkokin waje, a tsakiyar Yuli. Ya tsara labarin kamar mutanen sun riga sun shiga jiragen kafin Nelson ya iso ranar 24. Da wannan tsari wasiƙar 26 ga wata ta ɓace daga labarin ke nan. Jakada na iya yin kuskuren shawara cikin ruɗani, amma ainihin abin da ake biyansa dominsa shi ne gwamnatinsa ta ga abin da ya faru yadda ya faru.

Abin da Landan ta yi

Gwamnati ba ta tsawata wa kowa ba. Ferdinand ya ba Nelson sarautar Bronte a Sisili. A Fabrairu 1800 Charles James Fox, jagoran 'yan adawa, ya tayar da maganar a majalisa, yana cewa an karya alkawarin da hafsan Birtaniya ya sa wa hannu. Foote kuma ya buga bayanin kare kansa a 1807. Amma surutun abin da ke gudana a Palermo ya riga ya cika Landan, kuma Grenville ya yi amfani da wata tsohuwar buƙatar hutu da Hamilton ya taɓa gabatarwa ya maye gurbinsa da Arthur Paget, matashin da bai kai shekara 30 ba. Sarauniya ta yi ƙoƙarin hanawa, abin da shi kansa ya nuna na wa jakadan ya zama. A Afrilu 1800 ya miƙa takardar kiranye. Ya isa Ingila a Nuwamba, aka ba shi fansho ƙasa da abin da ya nema, ya sayar da zane-zanensa da sauran tulunansa ya rage bashi, ya rasu a Afrilu 1803.

Ba Hamilton kaɗai nake ɗora wa laifi ba. Gwamnatin da ta bar mutum ɗaya shekara 36 a fada ɗaya, ta ci moriyar kusancinsa, ba ta taɓa tambayar abin da kusancin ke ci ba, tana da nata kaso.

Waɗanda suka biyo bayansa ba su sake zama 'yan fada haka ba, wani ma ya wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Bayan Faransa ta sake korar Ferdinand zuwa Palermo a 1806, Lord William Bentinck ya zo a 1811 yana riƙe da jakadanci da kuma kwamandan sojan Birtaniya a Sisili. Ya tilasta tsarin mulki mai majalisa biyu a 1812, ya sa aka fitar da Maria Carolina daga tsibirin a 1813, ta rasu a Ostiriya a 1814. Da yaƙin Napoleon ya ƙare Birtaniya ta janye hannu, kuma a gaban magajin Bentinck, William à Court, aka haɗe masarautun Napoli da Sisili a Disamba 1816, tsarin mulkin ya bi ruwa.

Sir William Temple, ƙanin Lord Palmerston wanda ya daɗe yana ministan harkokin wajen Birtaniya, ya riƙe kujerar daga 1833 zuwa 1856. A zamaninsa aka yi rikicin farar wuta na 1840, lokacin da Napoli ta ba wani kamfanin Faransa ikon cinikin ma'adinin Sisili shi kaɗai, jiragen yaƙin Birtaniya suka riƙa kama jiragen kasuwancinta har ta janye. A 1851 ɗan majalisar Birtaniya William Gladstone ya wallafa abin da ya gani a kotuna da gidajen yarin Napoli, musamman shari'ar fursunan siyasa Carlo Poerio, Palmerston ya rarraba wa ofisoshin jakadancin Birtaniya a Turai. A Oktoba 1856 Birtaniya da Faransa suka janye wakilansu saboda Sarki Ferdinand II, jikan wancan Ferdinand, ya ƙi sassauta wa fursunonin siyasa.

An maido da hulɗa a 1859 bayan rasuwarsa, aka turo Henry Elliot ya shawo kan sabon sarki, Francis II, ya yi gyara. Lokaci ya riga ya ƙure. Garibaldi, jagoran masu yaƙin haɗe Italiya, ya sauka a Marsala ta Sisili ranar 11 ga Mayu 1860, ya shiga Napoli ranar 7 ga Satumba, kwana ɗaya bayan sarki ya fice zuwa sansanin Gaeta. Elliot bai bi shi can ba. Gaeta ta faɗi a Fabrairu 1861, a Maris aka ayyana masarautar Italiya, Birtaniya ta amince da ita a cikin watan, harkokin kudancin ƙasar suka koma hannun wakilinta da ke Turin, babban birnin sabuwar masarautar a lokacin.